Shekarar da Inna ta Koma Pitowa

Yanzu na iso wurin da na daɗe ina kewayewa. Na ba ku labarin kakanmu da ya taso daga Kano ya zauna a Garwa, na ba ku labarin rumfar atamfa, duk wannan da sauƙin faɗa. Wannan kuwa magana ce da uba ba ya yi da 'ya'yansa, kuma da mahaifiyarku tana raye da ba ta bari na rubuta ba. Amma kun tashi kuna jin ana cewa ita ta kori Inna, mahaifiyata, daga gidan nan, har ta je ta rasu a Pitowa. Ba haka aka yi ba. Ku yi mini haƙuri in na faɗi abin da zai yi muku nauyi a kunne. Ku ma yanzu iyaye ne.

Mun kusa shekara goma da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba, ko ɓari mahaifiyarku Saudatu ba ta taɓa yi ba. Mu huɗu ne a gidan: ni, da ita, da Inna, da ƙanwata, Goggonku Ladi, wadda aurenta ya mutu saboda rashin haihuwa ta dawo gida ta zauna. Ina so ku san cewa Inna tana son mahaifiyarku. Marainiya ce aka kawo mini daga Banyo, ba ta san kowa a Garwa ba, Inna ta karɓe ta hannu biyu. Ita ke mata kitso, ita ke ɓoye mata tsokar nama a ƙasan kwano. Duk lokacin da dangi suka zo da maganar in ƙara aure, tun kafin in buɗe baki Inna take sallamarsu.

"Ku bar mini 'yata," in ji ta. "Sanyi ne ya riƙe ta, kuma sanyi a hannuna yake mutuwa."

Ba alfahari take yi ba. Kaf unguwarmu an san Inna da maganin sanyin mata. Wurin uwarta ta gada. Matan Hausawa suna zuwa, matan Fulani suna zuwa da ƙwaryar nono, wasu daga ƙauyukan hayin Binuwai suke tasowa. Ba ta karɓar komai sai goro. Tana dafa saiwoyi da sassaƙe da jar kanwa a sha, ta jiƙa bagaruwa a ruwan ɗumi a zauna a ciki. Kuma tana da doka guda wadda ba ta sassautawa: mace in ta ga danshi a jikinta, to sanyi ya motsa, ba ta kusantar mijinta har sai ta bushe, don kada ta shafa masa ya dawo mata da shi. Tun Saudatu tana amarya ta ga wannan danshi a tsakiyar watanta, ta tsorata, ba ta da uwar da za ta tambaya, ta gaya wa Inna. Daga ranar abin ya zama ɗabi'ar gidanmu. Kowane wata, in kwanakin suka zo, sai ta naɗe tabarmarta ta koma ɗakin Inna, tukunyar magani ta hau murhu, gida ya cika da ƙamshin sassaƙe. In ta bushe ta dawo ɗakinta. Ni ban taɓa tambayar dalili ba. Sha'anin mata ne, kuma uwata ce ke riƙe da shi. Nawa shi ne rubutun sha da sadaka, ba malamin da na ji labarinsa tsakanin Garwa da Marwa ban je ba.

Sai shekarar da aka zaftare albashin ma'aikata, aka kuma karya darajar kuɗinmu, sefa. Kasuwa ta mutu, mutum ya wuni a rumfa bai yanka ko yadi ɗaya ba. Ma'aikatan gwamnati da ke zaune a manyan gidaje suka fara saukowa unguwanninmu neman haya mai sauƙi. Haka aka yi wata Madam Marta ta kama ɗakuna a gidan da ke jikin namu. Mutuniyar Kaele ce, Kirista, ungozomar asibiti, mijinta malamin makaranta. Famfo ɗaya muke ɗiba da su. Ba ta jin Hausa sosai, Saudatu kuma ba ta jin Faransanci, sai suka haɗu a Fulatanci. Wata rana Madam ta ji ƙamshin tukunyar Inna ta kan katanga, ta tambayi wa ba shi da lafiya. Saudatu ta gaya mata. Madam ta yi mata tambaya uku, kamar yadda ta faɗa mini daga baya: yana ƙaiƙayi, yana wari, launinsa ya sauya? Saudatu ta ce ko ɗaya. Garau yake kamar farin ƙwai, yana yauƙi, ya yi 'yan kwanaki ya wuce. Madam ta ajiye bokitinta ta daɗe tana kallonta.

Ba ta ce mata ta bijire wa kowa ba. Cewa ta yi ta riƙa lura. Bayan ta yi tsarki ta duba yadda jikinta yake, ta duba lokacin da danshin ke farawa, lokacin da yake tsinkewa ya yi santsi, ko tana jin ɗan suka a gefe ɗaya na mara, lokacin da take bushewa, da kuma tsawon abin da ke tsakanin nan da zuwan al'ada. Mahaifiyarku ba ta yi boko ba, amma mace mai salla ta san watanta. Ta yi watanni tana lura, tana kai wa Madam labari a bakin famfo, tana kuma shan maganin Inna. Kowane wata abu ɗaya take gani, a kan tsari ɗaya. Sai aka yi rasuwa a gidan Kawu, ƙanen Inna da ke Pitowa, Inna ta tafi ta daɗe, kwanakin suka zo ba magani a gida. Saudatu ta riƙe dokar duk da haka, ta kwana ɗakin Inna tare da Ladi. Ba ta sha komai ba, ba ta zauna cikin komai ba, ta bushe a daidai lokacin da ta saba bushewa.

Kafin Inna ta dawo ta yi mini maganar. Na dawo cin abincin rana, Ladi ta fita unguwa. Tana tsintar shinkafa a faifai, ta ba ni baya.

"Malam, in tambaye ka. Yaushe manomi ke shuka?"

"Ni ɗan kasuwa ne, ban taɓa riƙe fartanya ba."

"Ai na ga alama," in ji ta.

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce, "In ƙasa ta jiƙa ake shuka. Mu kuwa shekara da shekaru, da zarar ruwa ya sauka sai mu kulle gonar, mu jira rani."

Na gane, na kuma so a ce ban gane ba. Ta ci gaba da magana, kanta a sunkuye. Ta ce Madam ta ce wannan ba ciwo ba ne, alama ce da Allah ya sa wa kowace mace mai lafiya, kuma a kwanakin nan kaɗai mahaifa ke karɓa. Ciwon sanyi na gaskiya yana nan, amma kamanninsa daban. Ta roƙe ni in bar ta ta je asibiti a duba ta. Na bari. Aka duba, aka ce ba a ga komai ba. Ni kuma na je wurin limamin unguwa, na yi ta kewaye-kewaye har ya gaji ya ce in faɗi abin da ya kawo ni. Da na faɗa, ya ce littafi ya ambaci kwanakin da aka hana miji matarsa, waɗannan ba sa ciki. Ina tashi ya ƙara da cewa, "Amma uwa uwa ce, Maikano. Ka lallaɓa."

Mun so mu lallaɓa. Muka ce Saudatu ta daina faɗa kawai, kamar ta warke. Ashe Inna ta fi ta sanin watanta. Tana ganin ranar da ta ajiye salla da ranar da ta ɗauka, sauran lissafin a kanta yake. Wata la'asar na shigo gida na tarar da tukunya a kan murhu, an shimfiɗa tabarma ta biyu a ɗakin Inna, Saudatu na tsaye a tsakar gida riƙe da matashinta, ta kasa gaba ta kasa baya. Ta dube ni. Tun da nake ban taɓa musa wa uwata ba, ko a kan farashin yadi. Na durƙusa a bakin ƙofarta.

"Inna, ina neman alfarma. A bar ta ta zauna a ɗakinta."

"Ba ta da lafiya."

"An duba ta a asibiti, an ce lafiyarta ƙalau."

"Wa ya kai ta?"

"Ni na ba ta izini."

Inna ta ajiye muciyar da ke hannunta. Ta ce, "Matar Kaele ce ko? Wadda ta zo jiya ita za ta koya mini jikin mace? Ni na yanke maka cibi a ɗakin nan, Maikano."

Saudatu ta durƙusa kusa da ni tana kuka, ta ce, "Inna, zan sha maganin, wallahi zan sha. Ɗakin ne kawai."

"Magani ba doka ai ruwan bunu ne," in ji Inna. Ta dube ni, ta ce, "Kai ne maigida. Faɗi."

Na ce, "Ta zauna a ɗakinta, Inna."

Inna ta tashi da kanta ta naɗe tabarmar, ta miƙo wa Saudatu. Ba ta ɗaga murya ba. Ladi ce ta ɗaga, daga bakin madafa: "Yau na ga ikon Allah. An shanye Yaya, an ba shi a miyar kuɓewa."

Watannin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Na saɓa wa uwata, kuma ba abin da ya samu. Wata ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce. Duk ranar da Saudatu ta ajiye salla, gidan yakan yi tsit, sai Ladi ta riƙa waƙe-waƙe tana shara. Inna tana amsa gaisuwata, tana cin abincin Saudatu, amma ta daina yi mata kitso. Na fara tunanin ko alhakin uwa ne ke bin mu. Na ce wa Saudatu mu koma yadda muke, mu nemi gafara. Ta ce Madam ta gaya mata tun farko cewa ba lallai a dace nan da nan ba, ko mai lafiya yakan jira. Ta ci gaba da lurarta. In kwanakin suka zo ba ta iya faɗa mini da baki, sai in ga ta ɗaura wani koren kallabi da na taɓa kawo mata, in rufe rumfa da wuri. Maƙwabcina a kasuwa har yana tsokanata, wai tun da ciniki ya mutu na koma ɗan zaman gida.

Inna ce ta fara sani, kafin ni. Da safe ne, Saudatu ta sallame salla, Inna na zaune a kan kujerarta tana jan carbi.

"'Yar nan, ban ga kin ajiye salla ba."

Saudatu ta sunkuyar da kai.

"Wancan watan ma ban gani ba."

Ta kira ta, ta duba idonta, ta duba tafin hannunta, ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta faɗa har sau uku, hawaye na zuba. Na ɗauka shi ke nan, gida ya gyaru. Ranar har kaza na sa aka yanka. Amma washegari, ina kasuwa, Inna ta yafa mayafinta ta shiga gidan Madam Marta, gidan da ba ta taɓa takawa ba. Madam ce ta ba ni labarin bayan shekaru. Ta ce Inna ta ƙi zama a kujera, ta zauna a ƙasa, ta ce a gaya mata komai daga farko, kada a rage. Madam ta gaya mata. Inna ta ce, wanda ba ya ƙaiƙayi, ba ya wari, ba ciwo ba ne? Madam ta kira ta uwa da Fulatanci, ta ce, "Ba ciwo ba ne, Dada." Ta so ta sanyaya mata rai, ta ce ai cikin matan da ke zuwa wurinta akwai masu ciwon gaske, kuma da yawa sun haihu. Inna ta ce, "Waɗanda suka haihu su ne waɗanda ba su ji maganata ba." Sai ta fara kiran sunayen mata, tana lanƙwasa yatsu, waɗanda suka riƙe dokarta sosai, waɗanda aka saka, waɗanda suka tsufa ba ɗa. Madam ta ce da ta zo kan wani suna sai ta tsaya, ta kasa faɗa, ta tashi ta fita.

Ladi ta fi kowa riƙe dokar Inna. Duk shekarun aurenta, kowane wata takan taho gida ta yi kwanakinta a ɗakin uwarta. A lokacin da nake ba ku labari kuwa al'ada ta riga ta fara ɗauke mata. Ban ce wannan ne ya hana ta haihuwa ba. Allah ne masani, wataƙila ko ba dokar ba za ta samu ba. Amma Inna ta yanke wa kanta hukunci, ba kuma wanda ya isa ya ɗaga shi.

A makon nan ta zubar da tukunyar, ta ƙona saiwoyin da ta tara. Matan da suka zo ta ce musu ta daina, su je asibiti. Sannan ta ce za ta je Pitowa ta ga Kawu. Ta ɗaure kayanta duka, har da tasoshin aurenta. Na raka ta tasha ina roƙonta, ta ce iskar Garwa ce ta yi mata zafi. Ladi ta tsaya a ƙofar gida tana gaya wa duk mai wucewa cewa matar Yaya ta samu ciki ta kori uwar miji. Daga bakinta maganar ta fita, ta zaga dangi, har ta iso kunnenku.

Na yi ta zuwa Pitowa, ba ta dawo ba. Da cikin ya tsufa, Saudatu ta ce sai ta je da kanta. Muka shiga motar Lahadi, ranar kasuwar garin, an cusa mu da buhunan gero da awaki, ga motocin auduga suna wuce mu suna watsa mana fari a jiki. Muka sami Inna a ƙarƙashin dalbejiyar gidan Kawu, ta rame har na tsorata. Saudatu ta durƙusa da ƙyar, ta kama ƙafarta.

"Inna, wa zai yi mini wankan jego? Ba ni da kowa sai ke."

"Tashi, kada ki danne mini jika."

"Ba zan tashi ba sai kin ce za ki dawo. In laifi na yi, ki yafe mini."

"Ke ce za ki yafe," in ji Inna. "Ƙuruciyarki na dafa a tukunya. Ke kam Allah ya cece ki da saura. Amma ba zan iya tashi kullum in ga Ladi tana share tsakar gida ba ɗa a bayanta ba. Ba zan iya ba, 'yar nan."

Can ta ce, "Abu ɗaya nake roƙonku. Kada ta sani."

Saudatu ta ce, "Ba za ta ji a bakina ba."

Inna ta sa aka kawo mata mataji da man shanu, ta zaunar da Saudatu a gabanta, ta tsefe mata kai ta yi mata kitso. Sai da rana ta yi sanyi muka taho. Ba mu sake ganinta da rai ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, Kawu ya aiko, kafin mu isa an rufe mata fuska. Bayan wata ɗaya da wani abu aka haife ki, Uwani, aka sa miki sunanta.

Ladi ce ta yi wa mahaifiyarku wankan jego. Ita ta dafa ruwan, ita ta dama kunun kanwa, ita ta goye ki har kika yi tafiya, haka ta goyi sauran ƙannenki. Tana yi tana harara, tana yi tana habaici. Kun san Goggonku, kun kwana a ɗakinta, kun ci ɗumamenta. Ba muguwa ba ce. Ta yarda da abin da idonta ya gani ne: uwarta ta fita da kaya, ba ta dawo ba. Har ta koma ga Allah ba ta san komai ba, kuma mahaifiyarku ce ta yi jinyarta, ita ta yi mata wanka. Yanzu duk su ukun suna ƙasa, alkawarin ya kai inda aka ce ya kai, shi ya sa na buɗe baki.

Sau ɗaya na kusa karya shi. Ranar sunan Auta ne, gida cike da mata, Ladi ta ɗaga murya a tsakar gida ta ce Allah ya isa tsakaninta da wadda ta raba ta da uwarta, ta hana tsohuwa ganin jikokinta. Ina zaure na ji. Na shigo ɗakin mahaifiyarku raina a ɓace, na same ta zaune a bakin gado tana ba jariri nono, ta ji komai. Na ce yau zan gaya wa Ladi, in ya so duniya ta tashi. Na juya zan fita, ta riƙe mini gefen riga.

"Malam, zauna."

"Har yaushe za ki ɗauki wannan?"

"Dubi abin da ke hannuna," in ji ta. "Dubi waɗanda ke wasa a waje. Ni an ba ni. Ita me take da shi a duniya? Uwarta kaɗai, ita ma a kabari. Kada ka ƙwace mata."

Na zauna. Ta gyara wa Auta kwanciya, ta share fuskarta da gefen zane, ta ɗaga labule ta kira Ladi ta zo ta karɓi yaron, wai ya ƙi yin gyatsa a hannunta.